Kundin aikin shigar da gas ɗin agon cikin tanderu marar iska

Litinin, 3 ga Maris

Yau muka fara aikin haɗa wa tanderunmu layin gas, kuma na ɗaura niyyar rubuta abin da aka yi a kowane mataki, domin wanda zai gaje mu a kan wannan na'ura ya san dalilin da ya sa kowane bawul yake inda yake. Tanderun irin wanda ake zuƙe iskar cikinsa ne kafin a kunna wuta, don kada oksijin ya taɓa ƙarfen da ake gasawa. Cikinsa yana ɗaukar kimanin lita 400, faɗin ƙofarsa santimita 80 ne, bangonsa ninki biyu ne ruwa yana zagayawa a tsakani, sandunan da ke ba da zafi da rufin da ke tsare zafin kuwa duk na girafait ne, wani nau'in kabon mai jure zafi. Famfo biyu ne ke zuƙe iskar, na farko mai juyawa wanda ke kwashe mafi yawanta, na biyu mai aiki da tururin tafasasshen mai wanda ke ƙarasa abin da ya rage.

Jinkirin hucewa ne ya kawo wannan aiki. Inda babu iska zafi ba shi da abin hawa, sai dai ya fita ta hanyar haskakawa kaɗai, ita kuwa wannan hanya tana da ƙarfi ne lokacin da ƙarfe yake ja wur, tana raunana ƙwarai da zarar ya fara duhu. Shi ya sa tanderun yakan sauko daga digiri 900 zuwa 500 cikin hanzari, daga nan kuma sai ya kwana bai kai inda za a iya buɗe shi ba. Ba a kuma isa a sakar masa iskar waje da wuri ba, domin girafait yana fara cinyewa a cikin iska tun daga wajen digiri 400 zuwa 500, titaniyom ɗin da muke gasawa kuma launinsa yana ɓaci. Maganin da aka sani shi ne a mayar da gas wanda ba ya haɗuwa da ƙarfe, ya riƙa ɗibar zafin yana kai wa bangon da ruwa ke sanyayawa.

Naitirojin ya fi sauƙin samu, kuma ya wadatar ga ƙarafa da yawa, amma idan zafi ya yi yawa yana haɗuwa da titaniyom ya bar masa ɓawo mai tauri mai saurin tsagewa. Hiliyom ya fi shi ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, sai dai samunsa a kai a kai yana da wuya. Haidurojin yana kama wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iska, saboda haka ba mu ma sa shi a lissafi ba. Mun tsaya a kan agon, gas ɗin da Lord Rayleigh da William Ramsay suka gano a 1894 suka raɗa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin malalaci, saboda ƙin haɗuwarsa da komai. Lalacin nan nasa shi muke nema.

Alhamis, 6 ga Maris

Kwana uku muka yi a kan takarda ba wanda ya ɗauki sifana, kuma tambaya ɗaya ce ta cinye mafi yawan lokacin, wato matsi nawa wannan tanderu zai iya ɗauka daga ciki. An ƙera shi ne don iskar waje ta danne shi, kuma duk abin da ke jikinsa an tsara shi a kan haka. Matsin waje ne ke manne ƙofar da robar bakin tanderun, maƙalan da ke gefenta kuwa aikinsu su riƙe ta kafin famfo ya fara ja. Gilashin tagar leƙe ma haka yake, matsin waje ne ke ƙara zaunar da shi a mazauninsa. Idan matsin ya juya ya zama daga ciki yake turowa, babu abin da ke riƙe da waɗannan sai 'yan notuna.

Fuskar ƙofa mai faɗin santimita 80 ta kai kusan rabin murabba'in mita, matsi na bar ɗaya kuma daidai yake da nauyin kusan tan 10 a kan kowane murabba'in mita. Ke nan idan matsin ciki ya ɗara na waje da milibar 100 kacal, wato kashi ɗaya cikin goma na bar, ƙofar tana jin turin kusan rabin tan, idan kuwa ya ɗara da bar ɗaya turin ya kai tan 5. Ita kuma tukunyar agon idan tana cike bar 200 ne a cikinta, kuma ba abin da ya raba ta da wannan ƙofa sai regileta mai rage matsin gas da 'yan mitoci na bututu.

Saboda haka mun yanke cewa ba za a taɓa cika tanderun ya wuce matsin waje ba, iyakarsa milibar 100 ƙasa da shi. Na dage a rubuta ƙa'idar da wannan lafazi maimakon a rubuta lamba ɗaya tak, domin matsin waje milibar 1,013 ne a bakin teku, amma a tudu mai tsayin mita 1,000 yana kusa da 900, wanda duk ya kwafi lambarmu ya kai can zai ga ƙofarsa ta saki. A ɗakinmu mun auna ya kusa 1,000, don haka iyakarmu 900 ce.

Ƙa'ida a takarda ba ta hana regileta lalacewa. Ɗan ƙwayar datti idan ya maƙale a mazaunin bawul ɗin cikinta ya isa ya sa matsi ya riƙa hawa a hankali a ɓangaren da ya kamata ya zauna ƙasa. Za mu sa regileta mai hawa biyu, a bayanta mu sa matsattsiyar kafa wadda za ta iyakance yawan gas ɗin da zai iya wucewa ko da regiletar ta saki gaba ɗaya, sannan a jikin tanderun mu sa bawul ɗin sakin matsi wanda zai buɗe da kansa idan ciki ya ɗara waje da milibar 35. A wannan matsi ƙofar tana jin nauyin kusan kilo 180, kuma takardun tanderun sun nuna maƙalan za su iya riƙe shi. Dole girman bawul ɗin ya isa ya fitar da duk abin da matsattsiyar kafar za ta iya shigarwa, in ba haka ba ado ne kawai. A bayansa akwai faifan ƙarfe siriri wanda zai fashe idan shi bawul ɗin ya ƙi buɗewa.

Abokin aikina mai kula da lantarki ya kawo shawarar a sa bawul na hannu a ƙarƙashin na sakin matsin, domin a riƙa rufe shi idan ana neman yoyo. Hujjarsa tana da ƙarfi, don irin wannan bawul yakan zama mashigar iska idan robarsa ta tsufa. Ban yarda ba. Duk bawul ɗin da hannu zai iya rufewa, wata rana za a tashi aiki a bar shi a rufe, kuma ba abin da zai nuna haka sai ranar da aka buƙace shi.

Laraba, 12 ga Maris

An ja bututun daga ma'ajiyar tukwane zuwa tanderun, tsawonsa mita 10, kafarsa milimita 10, na ƙarfen da ba ya tsatsa. Akwai tiyon roba a sito wanda da shi muka yi amfani da an gama cikin awa guda, amma roba tana barin danshi da oksijin su ratsa jikinta a hankali, kuma babu amfanin sayen gas mai tsabtar kashi 99.999 cikin 100 a bi da shi ta cikinta.

Na yi wa matashin da ke koyon aiki a wurinmu lissafin da ya sa ake wanke layi. Bututu irin wannan yana riƙe da kusan lita 0.8 na iska, kimanin kashi ɗaya cikin biyar nata oksijin ne, wato lita 0.16. Idan wannan ya shiga tanderu mai lita 400 ya zama kusan kashi 400 cikin miliyan, alhali duk ƙazantar da ke cikin gas ɗin da muka saya ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Iskar da ta kwana a bututu ita kaɗai ta ninka ƙazantar tukunyar sau arba'in. Mun zuƙe layin ta cikin tanderun muka cika shi da agon sau uku, kuma daga yanzu zai zauna ne cike da agon a matsin da ya ɗara na waje, domin in ma akwai kafa gas ya fita maimakon iska ta shiga.

Da yamma muka zuƙe tanderun, muka rufe bawulolin famfo, muka zauna muna rubuta matsi kowane minti biyar har awa ɗaya. Idan danshin da girafait ya sha ne yake fitowa, hawan matsin yakan fara da sauri sannan ya kwanta. Namu bai kwanta ba, a miƙe ya tafi daga farko har ƙarshe, alamar iskar waje tana shiga ta wani wuri.

Juma'a, 14 ga Maris

An samu yoyon a mahaɗin da ke tsakanin sabon bawul da jikin tanderun, inda aka ɗaure noti a karkace. An sake mahaɗin, an maimaita gwajin awa ɗaya, hawan ya kwanta kamar yadda yake kafin mu taɓa tanderun. An bi sauran mahaɗan layin da ruwan sabulu, babu kumfa ko ɗaya.

Laraba, 19 ga Maris

Zan rubuta abin da ya faru yau dalla-dalla, domin kuskuren nawa ne. Bawul ɗin sakin matsi da sabon ma'auni ba su iso ba, ni kuma na ƙosa in ga yadda gas ke shiga, sai na ce a yi gwajin farko tanderu yana sanyi babu komai a ciki. Abu ɗaya na yi daidai, shi ne na sa aka kwance maƙalan ƙofar duka bayan famfo ya kama, ta yadda matsin waje kaɗai ke riƙe da ita.

Muka rufe famfo, muka buɗe ƙaramin bawul mai allura har gas yana shiga lita 40 a minti, muka zuba wa ma'aunin matsi na Pirani ido, wanda shi ne muka saba karantawa. Da farko lambar ta hau yadda ake tsammani. Da ta wuce milibar 10 sai ta fara jan ƙafa, ta kai 20, ta kai 25, ta yi kamar ta tsaya. Na ɗauka bawul ɗin ne ya toshe, har na miƙa hannu zan ƙara buɗe shi, sai matashin nan ya ce, "Malam, ƙofa tana motsi." Ko da na waiga ta rabu da robarta da faɗin yatsa, gas yana fita da ɗan huci, ma'aunin kuwa yana nuna milibar 30 da 'yan kai. Na ce masa ya rufe tukunyar, muka buɗe ƙofofin ɗakin muka fita waje na ɗan lokaci.

Ma'aunin bai lalace ba, aikinsa ya yi yadda aka ƙera shi. Irin wannan ma'auni, wanda Marcello Pirani ya ƙirƙira a 1906, ba matsi yake aunawa kai tsaye ba. Siririyar waya ce a cikinsa da ake ɗumamawa da lantarki, sai a auna yawan zafin da gas ke kwashewa daga jikinta, a juya shi zuwa lamba bisa zaton cewa gas ɗin iska ce ko naitirojin. A ƙaramin matsi ƙarin gas yana nufin ƙarin kwasar zafi, amma idan matsi ya yi sama kwasar zafin takan kusan daina ƙaruwa, kowane gas ya tsaya a iyakarsa. Agon yana ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku ne na zafin da naitirojin ke ɗauka, saboda haka iyakarsa tana ƙasa, kuma ma'aunin yana fassara ta da cewa matsi kaɗan ne. Na ɗauko littafin ma'aunin na buɗe jadawalin gyaran lamba, na tarar a rubuce cewa idan agon ya kai cikakken matsin waje, Torr 760, ma'aunin zai nuna kusan Torr 24, wato kimanin milibar 32. Akwai gargaɗi a shafin da manyan baƙaƙe. Littafin ya shekara a kan kantar da ke bayan kujerata.

Abin da ya fi damuna shi ne ko babu littafin ina da abin da zai faɗakar da ni. Lita 40 a minti cikin tanderu mai lita 400 minti goma ne, kuma mun kai minti goma muna tsaye. Agogon bango ya ishe ni sanin cewa tanderun ya cika, amma na gaskata lambar da ke haske a gabana na bar lissafin da yaro ɗan firamare zai yi. Da maƙalan suna ɗaure, da na ƙara buɗe bawul ina jiran lambar ta kai 900, lambar da ba za ta taɓa zuwa ba, kuma tagar leƙen tana daidai da fuskar wanda ke tsaye a wurin.

Na cire hannun bawul ɗin tukunyar na kulle shi a aljihun tebur. Ba za a sake shigar da gas ba sai an ɗaura bawul ɗin sakin matsi an gwada shi.

Alhamis, 27 ga Maris

Kayan sun iso an ɗaura su. Sabon ma'aunin mai tantani ne, yana auna yadda matsi ke lanƙwasa wani siririn faifai, don haka ba ruwansa da irin gas ɗin da ke turawa. Shi ne zai riƙa ba na'urar sarrafawa umarnin rufe gas. A gefensa mun sa ma'auni mai allura wanda ba ya buƙatar lantarki, a inda mai aiki zai gan shi ba tare da ya tsaya gaban ƙofa ko tagar leƙe ba. Na Pirani yana nan don aikin zuƙewa, an manna masa takarda cewa ba a karanta shi lokacin cikawa. An gwada bawul ɗin sakin matsi sau uku ta hanyar tura gas a hankali, kowane karo ya buɗe a kusa da milibar 35.

Sauran ranar ta tafi a kan makullan da ke hana mataki ya riga mataki. Bawul ɗin gas ba zai buɗe ba sai makunnin da ke jikin babban bawul ɗin famfo mai tururi ya tabbatar cewa ya rufe ruf, domin guguwar gas idan ta faɗa kan tafasasshen mai tana watsa shi ya koma cikin tanderun ya ɓata girafait da kayan aiki. Ma'aunin zuƙewa mai zurfi, wanda ke da zaren wuta a ciki, zai mutu da kansa kafin gas ya shigo. Wutar sandunan zafi ma za ta yanke tukuna.

Fankar da ke juya gas a ciki ita ce ta fi buƙatar bayani, domin mai kula da lantarki ya so ta tashi tare da buɗe bawul don a rage lokaci. Friedrich Paschen ya nuna tun 1889 cewa ƙarfin lantarkin da tartsatsi ke buƙata don ya tsallaka tsakanin ƙarafa biyu ya danganta da matsin gas da tazarar da ke tsakaninsu, kuma akwai wani yanki na ƙaramin matsi inda tsallakawar ta fi sauƙi. Duk cikawa sai ta ratsa wannan yanki, agon kuma ya fi naitirojin saurin ba tartsatsi hanya. Injin fanka da aka kunna a daidai lokacin yana iya ƙone wayoyinsa, ga shi kuma babu isasshen gas da zai sanyaya shi. Mun sa ba za ta tashi ba sai matsi ya wuce milibar 600.

Duk bawulolin gas irin waɗanda sifirin ke rufewa ne idan lantarki ko iskar kwamfureso ta yanke. Cikawar kuma hawa biyu ce, ƙaramin bawul har milibar 50, sannan babba, saboda gas ɗin da aka saka gaba ɗaya cikin wuri marar iska yana shigowa da ƙarfin da ke tsinka zaren girafait ya kuma ture ƙananan kaya daga kan tire.

Laraba, 2 ga Afrilu

Yau ɗakin muka duba maimakon tanderun. Tsawonsa mita 6, faɗinsa 5, tsayinsa 3, wato lita 90,000 na iska. Tukunya mai lita 50 a bar 200 tana ɗauke da kusan lita 10,000 na agon. Idan mahaɗi ya saki da dare ta juye duka a ɗakin, oksijin zai sauko daga kashi 20.9 zuwa kusan 18.6, idan tukwane biyu ne zuwa kusan 16. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, tana ɗaukar duk abin da ya gaza kashi 19.5 a matsayin iskar da ba ta wadatar ba. Lissafin nan ma ya yi wa lamarin sassauci, domin ya ɗauka gas ɗin zai gauraya daidai ko'ina, alhali agon ya fi iska nauyi da kusan kashi 40 cikin 100, ƙasa yake bi ya taru a rami. A ɗakinmu akwai kwalbatin wayoyi mai zurfin gwiwa da ya bi ta ƙarƙashin tanderun, kuma mai gyara yakan durƙusa ya sa kansa a ciki.

Na ɗauki lokaci ina yi wa ma'aikatan bayanin abin da ya sa wannan haɗari ya fi sauran yaudara. Agon ba shi da wari ko launi, kuma jikin mutum ba ya jin ƙarancin oksijin. Abin da ke sa mutum ya ji numfashinsa ya sarƙe shi ne taruwar iskar da yake fitarwa, wanda kuwa yake shaƙar agon yana fitar da ita ba matsala, saboda haka ba ya jin komai har ya faɗi, kuma a inda gas ɗin yake zalla shaƙa ɗaya ko biyu ta isa. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta ƙirga haɗurra 85 na shaƙewa da naitirojin a wuraren aiki tsakanin 1992 da 2002, mutum 80 suka mutu a cikinsu. Daga cikin masu mutuwa a irin wannan akwai waɗanda suka shiga ne don su ciro abokin aikinsu. Mun rubuta a ƙofar ɗakin cewa idan ƙararrawa tana kaɗawa ba mai shiga, ko da an hango mutum a kwance, sai an kunna fankar fitar da iska daga waje an kira masu kayan numfashi.

An mayar da tukwanen waje cikin keji mai iska, an ɗaure su da sarƙa. Bakin bawul ɗin sakin matsi da na faifan fashewa da hayaƙin famfo duk an haɗa su da bututun da ya fita bayan gini, nesa da taga. An kafa na'urar auna oksijin biyu, ɗaya kusa da ƙasa a bakin kwalbatin, ɗaya daidai fuskar mutum a tsaye, an saita su a 19.5, kuma an gwada kowace ta hanyar busa mata agon daga 'yar jaka har ta yi ƙara. Ƙwayar da ke cikin irin wannan na'ura tana tsufa, don haka an rubuta ranar sauya ta a jikinta.

Mun yi saɓani da shugaban sashe a kan yadda za a riƙa buɗe ƙofa. Shi yana so a ƙarasa cika tanderun da agon a buɗe, domin kada girafait ya sha danshin iska. Gaskiya ne lita 400 ba za su canza iskar ɗakin da abin kirki ba, amma tanderun da aka buɗe yanzu cike yake da agon, kuma na sha ganin mai kwashe kaya ya zura kai da kafaɗa don ya ɗauko abin da ya faɗi can ciki. Mun tsaya a kan a zuƙe agon ɗin a fitar da shi waje bayan an huce ƙasa da digiri 65, a shigar da iska ta matata, sannan a buɗe. Zuƙewar gaba za ta ƙara tsawo saboda danshin, mun karɓi wannan. Wanda zai shiga gyara kuwa sai an rufe layin gas an sa kwaɗo, makullin yana aljihunsa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An yi gwajin farko da zafi, tanderu babu kaya, a digiri 900. Matakan sun bi juna yadda aka tsara, wuta ta yanke, babban bawul ya rufe, ƙaramin bawul ya kai matsi milibar 50, babba ya karɓa. Da gangan na sa a tsaya a milibar 700 maimakon 900, domin gas ɗin yana shiga da sanyi ne ya tarar da girafait yana ja. A rufaffen wuri matsi yana bin zafi, gas ɗin da ya tashi daga digiri 20 zuwa 900 matsinsa zai ninka sau huɗu. Ba duk gas ɗin ke kai wannan zafi ba tunda bangon yana da sanyi, amma bayan bawul ya rufe allurar ta ci gaba da hawa da kanta, ta ƙara tashi lokacin da fanka ta fara kora gas ta cikin wurin zafin, sannan ta tsaya ƙasa da 800. Da a 900 muka rufe, da bawul ɗin sakin matsi ya kusa yin aikinsa na farko.

Daga nan lamarin ya juya. Tanderun yana hucewa matsi yana faɗuwa, har ya sauko kusa da inda fanka za ta mutu. An gyara tsarin ta yadda cikawar farko za ta tsaya a 700, bayan minti biyar a ƙarasa, daga nan ƙaramin bawul ya riƙa ƙara gas duk lokacin da matsi ya gaza 800, ya rufe a 900. Hucewar da ke cin dare guda ta ƙare kafin a tashi aiki.

Laraba, 16 ga Afrilu

An gasa gutsattsarin titaniyom shida na gwaji. Huɗu sun fito fari tas kamar azurfa, biyun da ke kusa da mashigar gas kuwa sun ɗauki launin ruwan kara. A titaniyom launi shi ne shaidar oksijin, daga ruwan kara zuwa shuɗi zuwa toka gwargwadon yawansa, kuma tunda na bakin mashiga ne kaɗai suka canza, da gas ɗin ya shigo. Gwajin hawan matsi bai nuna yoyo ba. Da na duba littafin ma'ajiya sai na ga an sauya tukunya ranar Litinin, kuma ba a wanke ɗan bututun da ke tsakanin tukunya da regileta ba, domin ban rubuta wannan mataki a takardar aiki ba. Iskar da ke maƙalewa a wurin 'yar kaɗan ce, amma fatar da ke ba titaniyom launi siririya ce ƙwarai, oksijin kaɗan ya ishe ta.

Talata, 22 ga Afrilu

An ƙara bawul na wanki a gaban regileta mai fitarwa waje, an kuma rubuta cewa duk sauyin tukunya sai an cika an saki sau biyar kafin a buɗe wa layi. An maimaita gwajin da sababbin gutsattsari shida a wuraren da na farko suka zauna, duka sun fito fari.

Saura gwaji biyu kafin a miƙa tanderun ga masu aikin yau da kullum. Na farko shi ne a yanke lantarkin ɗakin gaba ɗaya ana tsakiyar cikawa, a tabbatar kowane bawul ya koma inda aka ce zai koma, ana karanta ma'auni mai allura. Na biyu shi ne yankewar ruwan sanyaya bango, wanda ya fi wuya, domin gas ɗin da ke taimakon hucewa shi ne kuma zai kai zafi ga bango da robobin ƙofa idan ruwa ba ya gudu. Mai kula da lantarki yana haɗa makunnin da zai hana cikawa idan ruwa ya tsaya, ni kuma ina lissafin girman tankin ruwan ajiya da zai riƙe bangon har tanderun ya sauko. An sa gwajin yanke lantarkin ranar Litinin mai zuwa, tanderu yana sanyi.